Daga Ngaundare zuwa ƙananan garuruwa: a hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundal, ko a bi mota?

Layin dogo ɗaya tak ya shigo arewacin Kamaru, kuma a Ngaundare ya ƙare. Garwa ba ta da shi, Marwa da Kusuri haka, Cadi kuwa har yau maganar a takarda take. Saboda haka duk wanda yake so ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundare, ya leƙa wani ƙaramin gari ya dawo, fuska ɗaya gare shi: kudu, hanyar Yawunde. Tashoshin da ke kan layin kafin Belabo ba su da yawa. Akwai Bawa, Makor, Ngaundal, Pangar, Mbitom, Goyum da wasu 'yan ƙanana a tsakani. Abin da ya kamata a tantance kafin a sayi tikiti shi ne wanne cikinsu ake iya zuwa a wuni a dawo, da kuma lokacin da ya fi dacewa a haƙura da jirgin a nemi mota.

Sai an fahimci yadda jirgin yake tafiya kafin a zaɓi gari, domin lokacin jirgin ne yake yanke hukunci, ba nisan wuri ba. Daga Ngaundare zuwa Yawunde kilomita 622 ne. An kai dogon Belabo a 1969, ya iso Ngaundare a 1974, kuma kamfanin Camrail ne yake gudanar da shi tun 1999. Babban jirgin fasinja na dare ne. Yana barin Ngaundare bayan magariba, wajen ƙarfe bakwai da 'yan kai, ya kwana yana tafiya, ya wayi gari a Yawunde. Ɗan'uwansa mai tasowa daga Yawunde shi ma da yamma yake tashi, ya shigo Ngaundare da hantsi, in ya makara kuma har rana ta take. An tsara shi ne don mai doguwar tafiya, ba don mai yawon wuni ɗaya ba.

Ga abin da wannan tsari yake haifarwa. Ngaundal tana da nisan kimanin kilomita 130 a kan dogo, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku in ba a samu tsaiko ba. Wanda ya hau a Ngaundare zai sauka Ngaundal wajen goman dare. Jirgin da zai maido shi yana wucewa ne tsakanin asuba da hantsi. In ya bi na washegari da safe, bai ga komai ba sai ɗakin da ya kwana. In yana son ya wuni a garin, sai ya sake kwana na biyu, ya bi na jibi. Wato abin da aka ɗauka tafiyar wuni ɗaya ce ya zama kwana biyu. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a wajen masu shirya irin wannan fita: su duba nisa su ga kusa ne, su manta cewa jirgin komawa da safe kaɗai yake zuwa.

Amma in aka juya lissafin, sai ya yi daidai sarai. Mutumin Ngaundal ne jirgin nan yake yi wa hidimar wuni ɗaya. Ya hau da sassafe, ya sauka Ngaundare da hantsi, ya shiga babbar kasuwa ko ƙaramar, ya kai mara lafiya asibiti, ya leƙa ɗansa da ke karatu a jami'a a Dang, in Juma'a ce ya yi salla a masallacin ƙofar fadar Lamiɗo, sannan bayan magariba ya hau ya kwana gidansa. Sharaɗi ɗaya ne: da saukarsa ya wuce tagar tikiti ya sayi na komawa kafin ya shiga gari, domin da yamma tashar takan cika da mutanen Garwa da Marwa da Cadi waɗanda motoci suka sauke. Kuma kada ya yi alkawarin ganin likita ko wani ofis da ƙarfe tara na safe. Jirgin da ya kwana a hanya ba a ɗaura masa agogo.

Dalilin makarar ma ya kamata a sani, don kada a zaci sakaci ne na rana ɗaya. Layin ɗaya ne, ba biyu ba. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha mai reshen kaucewa, kuma layin nan shi ne yake ɗaukar man fetur da kwantenonin Cadi zuwa arewa, ya sauko da auduga da shanu. In jirgin kaya ya lalace ko taragonsa ya sauka daga kan dogo a wani daji, duk na bayansa sun tsaya har sai an gyara. Ga kuma tsufa: yankin Belabo zuwa Ngaundare, kimanin kilomita 330, shi ne aka daɗe ana shirin sabunta shi, kuma akwai wuraren da dole direba ya rage gudu sosai. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa yakan ci ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, tsaikon ya ƙaru. Jirgin da ke tashi daga Ngaundare yakan fi kiyaye lokaci a Ngaundal, tunda bai yi nisa ba. Mai zuwa daga Yawunde kuwa ya riga ya tara duk makarar dare kafin ya iso.

Akwai jirgi na biyu, ominibis, mai zirga-zirga tsakanin Ngaundare da Belabo, wanda yake tsayawa a ƙananan tashoshi. Shi ne jirgin mutanen ƙauyukan da mota ba ta isa gare su da sauƙi, da buhunan rogo da masara da kajinsu. Ya fi araha, kuma yana ba da damar ganin daji daga taga da rana. Sai dai ranakun tafiyarsa sun sha canzawa, don haka ba a dogara da abin da wani ya faɗa bara. A je tashar kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a yi tambaya uku: wace rana yake tashi, ƙarfe nawa, kuma mai dawowa yana wucewa a ranar ne ko sai washegari. Tambaya ta uku ce mai muhimmanci. Kilomita 330 da tsayawa a kowace tasha aikin wuni ne, saboda haka in taragai ɗaya ne suke kaiwa da komowa, ba yadda za a yi su dawo da kai a ranar.

Wannan ya sa ba ma ba kowa shawarar ya sauka Bawa ko Makor don yawon buɗe ido kawai. Makor ta fara shiga bakin mutane saboda shirin ɗora ma'adinin bosit, wanda ake samun alminiyam daga gare shi, na Minim da Martap a kan jirgi daga can, amma har yanzu ƙaramin wuri ne. In kana da ɗan'uwa ko abokin ciniki da zai tarbe ka, ya ba ka wurin kwana, ya kuma nemo maka ɗan moto, wato mai babur na haya, to, madalla. In babu, ka saka kanka a hannun jirgin da ba ka san ranar dawowarsa ba. Mbitom da Belabo kuwa sun fita daga lissafin wuni ɗaya gaba ɗaya: jirgin dare yana isa can cikin tsakiyar dare, kuma sun riga sun shiga jihar Gabas.

Saura Ngaundal ke nan. Shin ta cancanci kwana biyu? Ga wanda yake da abin saye, ƙwarai kuwa. Garin dogo ne ya raya shi, kuma yana kan mahaɗar hanya: gabas ka nufi Maidugu da Maiganga, yamma ka nufi Tibati, kimanin kilomita 100. Gbaya da Mbum da Fulani da Hausawa duk suna zaune a ciki, ba za ka rasa wanda za ku yi magana da shi ba, in ba da Hausa ba to da Fillanci. Dutsen Ngaundal yana tsaye a gefen gari, shi ma cike da bosit, ma'adinin da ake narkawa a samu alminiyam. Mai son hawa ya fita bayan sallar asuba tare da ɗan gari, da ruwa aƙalla lita biyu, ya sauko kafin rana ta yi zafi. A kula, akwai sansanin horar da sojoji a yankin. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoto kusa da shi, haka ma cikin tashar jirgi sai an nemi izini.

Abin da ya fi kai mutane Ngaundal shi ne zuma, da kakinta, sai bandar kifin da ake kawowa daga madatsar Mbakawu ta wajen Tibati. A nan ya kamata a ɗan dakata, domin a sayen zuma ake asara. Wadda ake miƙo maka ta tagar jirgi da dare, cikin minti kaɗan na tsayawa, ba ka da halin dubawa. Wanda ya wuni a gari kuwa yana iya zuwa wurin masu tarawa ya sa a buɗe masa jarka. Ka tsoma tsinke mai tsabta har ƙasa, ka ɗaga: zuma nunanna tana sauka zare ɗaya ba tsinkewa, mai ruwa kuwa ɗiga take yi. Ka shinshina. In ka ji tsami, ko ka ga kumfa a sama, an ɗebe ta ba ta nuna ba ko an ƙara mata ruwa, kuma za ta ci gaba da tashi a hanya har ta kumbura jarka. In ƙaurin hayaƙi ya yi yawa, an matsa wa amya da wuta, ko an dafa saƙar don a tace da sauri. Ka ɗanɗana ta sama da ta ƙasa, domin mai algus sama yake gyarawa. Lita ɗaya ta zuma tana kai kilo 1.4, wato jarka mai lita 20 kilo 28 ce, ba kayan da za a rataya a hau tarago da gudu ba ne. Kada a cika jarka fal. A bar mata sarari kamar faɗin yatsu uku, a sa leda a baki kafin a murɗa marfi, kuma kada a karɓi jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko da an ce an wanke. Kaya mai nauyi irin wannan a kai shi wurin awo a tasha tun da wuri a biya kuɗinsa, ya fi a tsaya jayayya a ƙofar tarago jirgi yana shirin tashi. An fi samun sabuwar zuma daga ƙarshen rani zuwa farkon damina.

Wanda ba ya son kwana biyu yana da hanya ta tsakiya: ya je a jirgi, ya dawo a mota. Ya kwana ɗaya, ya gama harkarsa da hantsi, ya hau mota kafin azahar. Hanyar Maidugu da Maiganga ta fi tsawo, ta haura kilomita 250, kuma kwaltar da ke tsakanin Ngaundal da Maidugu tsohuwa ce, amma daga Maiganga zuwa Ngaundare hanya ce mai kyau kuma ba a rasa mota. Ɗaya hanyar, ta Febadi da Likok, ta fi gajarta, sai dai an daɗe ana aikin kwaltarta, saboda haka direbobin tasha za a tambaya halin da take ciki a makon, musamman in an yi ruwa. Ko wacce aka zaɓa, matsalar ɗaya ce: motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma bayan azahar fasinja yana raguwa. Wanda ya tsaya cin abincin rana a natse yana iya shafe awa biyu a tasha, dare ya riske shi a daji. Tafiyar dare a ƙananan hanyoyin Adamawa ba abin wasa ba ce, an sha fama da masu tare hanya da masu satar mutane a wasu yankunan.

Game da aji da kuɗi, an shafe shekaru kuɗin tafiya har Yawunde yana jaka 10, wato sefa dubu goma, a aji na biyu, jaka 17 a aji na ɗaya, jaka 25 a ɗaki mai gado huɗu, jaka 28 a mai gado biyu. Ngaundal kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na hanyar, kuɗinta bai kai haka ba ko kusa. Tafiyar awa uku ba ta buƙatar gado. Mai tafiya da iyali ko dattijo ya ɗauki aji na ɗaya don ya samu kujera a natse. Saurayi da jakarsa ɗaya aji na biyu ya ishe shi. A riƙe katin ɗan ƙasa, ɗan Cadi ko Najeriya kuma takardunsa na tafiya, domin ana tambaya a wurin tikiti da shingayen jandarma. A tafi da canji, 'yan ɗari biyar-biyar da jaka ɗai-ɗai, don mai zuma da ɗan moto ba sa canza jaka goma. A shirya masauki ta waya tun kafin a tashi, domin sauka baƙon gari ƙarfe goma na dare ana neman ɗaki ba daɗi. Daga Disamba zuwa Janairu a ɗauki rigar sanyi. Jiran jirgin asuba a bakin dogo a tudun Adamawa sanyinsa yana shiga ƙashi. A yi alwala da sallar magariba a tasha kafin a hau, don ruwan cikin jirgi ba abin dogaro ba ne.

To, idan abin da ake so shi ne a fita da safe a kwana gida, mota ce amsa, kuma wurare uku ne suka fi cancanta a gwada su da Ngaundal.

Mbe ita ce mafi sauƙi. Kimanin kilomita 70 ce a kan hanyar Garwa, kwalta daga farko har ƙarshe, kuma motoci ba sa yankewa. Daɗin tafiyar shi ne gangaren da ake sauka daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai: cikin 'yan mintoci iska ta canza, sanyin Ngaundare ya koma zafi. Ƙasar mutanen Dii ce, kuma doyarta ta yi suna a duk arewa, daga ƙarshen damina ake ganin ta jibge a bakin hanya. Abin lura biyu ne. Gangaren yana da kwana masu kaifi, manyan motoci kan rasa birki a kansa, saboda haka mai tuƙa motarsa ya sauka da ƙaramin giya, kada ya ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi, kada kuma ya yi ƙoƙarin wuce tirela a kwana. Na biyu, motocin da ke tasowa daga Garwa sau da yawa a cike suke wucewa, don haka a fara neman ta komawa tun la'asar ba ta yi ba.

Idol ita ce mafi kyan gani, kuma ita ce mafi wahalar zuwa. Ƙauyen Fulani ne da aka kafa a 1958, kimanin kilomita 70 a hanyar Belel, an tsara shi da faffaɗan tituna miƙaƙƙu, an jera musu itatuwan turare, ga zaurukan da aka yi wa ado. A hanyar ne kuma ake ratsewa zuwa mafaɗar ruwan Tello, inda ruwa yake zubowa daga tsayin kusan mita 45, da wani babban kogo a bayansa da mutum yake iya shiga ya tsaya. A nan damuwar ita ce, lokacin da ruwan ya fi ƙarfi shi ne lokacin da hanyar ta fi lalacewa. A Agusta da Satumba taɓo yana iya riƙe ƙaramar mota, a Maris kuma ruwan ya ja baya, ga ƙura. Nuwamba da farkon Disamba ne suka haɗa duka biyun: hanya ta bushe, ruwa bai tafi ba. Kada a dogara da motar haya ta kasuwa. A yi shatar mota mai tsayi, mutum huɗu ko biyar su raba kuɗin, a cika tanki a Ngaundare, a duba tayar ajiya da jak. A tashi ƙarfe bakwai, a fara da Idol, a biyo ta Tello, a kamo hanyar gida kafin ƙarfe huɗu. Da isa Idol a fara zuwa gaida mai garin kafin a shiga yawo ko ɗaukar hoto, kuma a riƙe ɗan abin gaisuwa. Matakan sauka zuwa kogon Tello suna da santsi, silifa ba ta dace ba.

Maiganga kuwa gari ne sosai, hedikwatar yankin Mbere, kimanin kilomita 160, awa uku a motar haya. Zuwa da dawowa ya cinye awa shida, abin da ya rage na wuni kaɗan ne, don haka sai mai harkar kasuwa ko ziyara. Wanda hutu yake nema ya tsaya a farkon wannan hanyar: mafaɗar ruwan Vina tana kimanin kilomita 15 daga gari, tafkin Ngaundaba da ke bakin tsohon dutse mai aman wuta yana kimanin kilomita 35.

Irin wannan fita ta kusa ita ce ta dace da matafiyin da ya iso daga Garwa, Marwa ko Mundu da safe yana jiran jirgin dare. Shi kada ya yi gangancin zuwa Idol ko Mbe, domin taya ɗaya in ta fashe ya rasa jirginsa. Ya fara karɓar tikitinsa, ya ajiye kayansa a wurin da ya amince, ya yi ciniki da ɗan moto ko mai taksi kan zuwa da jira da dawowa a kuɗi ɗaya, ya biya rabi, sauran sai an dawo. Ya je tafkin Tizon da ke kusa da gari ko mafaɗar Vina, ya kasance a tasha ƙarfe biyar na yamma.

Mai yara da suke ta roƙon a hau da su jirgi, kuma ba ya da kwana biyu, ya zaɓi daren Juma'a: a sauka Ngaundal, a kwana, a zaga kasuwa da safiyar Asabar, a dawo ta Maiganga da rana. In akwai hali a ƙara dare ɗaya, a biyo jirgin safiyar Lahadi, shi ne zai ba su abin da na dare ya hana su, domin daga Ngaundal zuwa Ngaundare da hasken rana ake tafiya, a ga garken shanu da rugage da koramu ta taga. A tabbatar a tashar Ngaundal tun ranar Asabar cewa jirgin zai wuce, a karɓi lambar wani ma'aikaci ko mai masauki da zai sanar da inda ya kai, don kada a tashi yara ƙarfe huɗu na asuba su zauna cikin sanyi suna jiran jirgin da bai bar Mbitom ba.